Malam Edita, ni ma ina da ƙarfen nan a ɗakina

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Na daɗe ina karanta jaridarku a waya amma ban taɓa rubuto maku komi ba sai yau, kuma wallahi sai da na rubuta na goge ya kai sau huɗu kafin na ce bari dai in turo, in kun ga dama ku buga in ba ku ga dama ba na dai sauke abin da ke cikina.

Akan rubutun nan ne da kuka buga kwanaki game da abin da Turawa ke kira fol dans, wato hawa dogon ƙarfe da aka kafa a tsaye a yi juyi a kansa, wanda mu a gida wasan ƙarfe kawai muke ce mashi. Marubucin ya haɗa komi da komi ya zuba a kwando ɗaya ya ce iskanci ne, ya rufe. To ni matar aure ce a nan Katsina, 'ya'yana uku, ina koyarwa a makaranta, kuma shekara huɗu ke nan da ƙarfen nan tsaye a wani ɗaki a gidana, ɗakin da ba mai shiga sai ni sai ƙanwata in ta zo hutu. Ba ni da bidiyo ko ɗaya a TikTok, ba ni da niyyar yi, maigida ya sani, shi ma ya biya rabin kuɗin.

Ba zan yi wa marubucin musu a kan abin da yake gaskiya ba. Eh, a gidajen rawa na dare a Amurka da Kanada abin ya yi suna, daga can ne wasu mata suka fito da shi a shekarun 1990 suka fara koyar da shi a matsayin motsa jiki, wanda ya ce ba haka ba ne yana ɓoye tarihi. Kuma har gobe akwai masu yinsa don wancan, ba ruwana da su. Amma ai hawa sanda a yi juyi a kanta ya girmi gidan rawa nesa ba kusa ba. A Indiya akwai Mallakhamb, 'yan kokawa ne suka riƙe shi don ƙarfafa jiki, sunan ma kansa ma'anarsa ɗan kokawa da ginshiƙi, sandar katako ce ake shafa mata man zurma, an nuna shi a gasar Olamfik ta Balin a 1936, jihar Madhya Pradesh ta ɗauke shi wasan jiha a 2013. A Sin 'yan wasan dabara na hawa dogayen sanduna da kayansu a jiki tsaf. Shi kuma na zamanin yana da ƙungiya ta duniya, IPSF, tun 2009, sun yi gasar duniya ta farko a Landan a 2012, maza na shiga mata na shiga, ƙafa ba takalmi, kuma a gasarsu ta wasanni in ka kawo rangwaɗar gidan rawa maki za ka rasa. Mu Katsinawa ma ai ba baƙin karɓar wasan waje ba ne, folo daga ina ya zo? Sarki Dikko ya karɓe shi, Sarki Usman Nagogo ya yi suna da shi, yau in an ce folo a Najeriya dole a ambaci Katsina.

Amma ba don in kare wasan na rubuto ba, ko an kare shi ko ba a kare ba masu yi suna yi. Abin da ya dame ni shi ne yaran da ke kallon bidiyo na daƙiƙa 15 su ga mace ta kife a sama kamar ba ta da ƙashi, su je su sa a yanko masu fayif su kafa a ɗaki su ce za su gwada, ba mai gaya masu komi saboda kowa kunyar maganar yake ji. Na san biyu da suka yi haka, ɗaya har yanzu ba ta iya ɗaga hannu ta ɗauko tukunya a saman kanta ba tare da ta yamutsa fuska ba.

Ni bayan haihuwa ta uku na fara, baya ya riƙe, ciki ya saki, in na hau bene sai haki. Ƙanwata da ke Abuja ita ta ja ni wani aji na mata zalla, na je da niyyar in yi dariya in dawo, sai malamar ta ce in riƙe ƙarfen in ɗaga ƙafafuna daga ƙasa in ƙirga biyar. Malam Edita ko biyu ban kai ba na zubo. Haushin wannan ne ya sa na dawo Katsina da abin a raina.

Kuskurena na farko shi ne na mai walda. Na ce mi zai sa in kashe kuɗi mai yawa a kan fayif, na aika aka haɗo mani, ya yi kyau a ido, ashe akwai ɗan tudun walda a tsakiya wanda ya yanke ni a cinya, fentin kuma da hannu ya yi gumi sai santsi. Ba laifinsa ba ne bawan Allah, bai san mi za a yi da shi ba, cewa aka yi na labule ne. Na gaskiyan kaurinsa milimita 45 ne mafi yawa, akwai 40 don masu ƙananan hannu, sumul yake ba gaɓa mai kaifi, kuma irin na gida matse shi ake yi tsakanin ƙasa da sama. To nan fa ake yinta, don yawancin gidajenmu silin ɗin POP ne ko roba ko kwali, ba abin da ke bayansa sai iska da ɓeraye. In ka matse ƙarfe a jikin POP, ranar da ka kife ranar za ku sauko tare da silin ɗin. Sai rufin kankare, wato dakin, ko kuma irin mai faffadan gindi da ke tsayuwa da kansa. Ni Allah ya taimake ni ɗakin ƙasa ne a gidan bene, kuma duk ranar da zan hau sai na girgiza shi na duba ko ya saki.

Sai yanayin garinmu, wanda ba wata baturiya a YouTube da za ta gaya maki. Wasan nan fata ce ke riƙe ki, bayan gwiwa, cinya, gefen ciki, hammata. Mu kuma da hunturu ya shigo kowa basilin da man kaɗe yake lafta wa jiki, to ranar da kika shafa mai ki manta da ƙarfe, ko da safe kika shafa da yamma zai fito da gumi. In kuma ba ki shafa ba fatar ta bushe ƙamas ita ma ba ta kamawa, ga ƙarfen ya yi sanyi kamar ƙanƙara. Abin da na gano, in shafa mai da dare bayan na gama, washegari in yi wanka, in ɗumama jikina sosai in ɗumama ƙarfen da 'yan juye-juye kafin in hau sama. Watan Afrilu kuma matsalar ta juye, zafi ya kai inda ya kai, NEPA sun ɗauke wuta, tafin hannu kamar an buɗe famfo. Lokacin sai bayan asuba nake yi, da tsumma da sifirit a gefe ina goge ƙarfen duk bayan hawa biyu, da ɗan farin alli na ruwa da ake shafawa a hannu. In na ga hannun ya ƙi, ranar a ƙasa nake aiki, ba dole.

Kifewa ita ce ƙofar duk wani abu mai wuya, wato ki tsaya gefen ƙarfe ki riƙe, ki naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, ki kwanta baya har ƙugunki ya haye sama da kanki. Wata tara na yi kafin na same ta da tsafta. Da tsalle ina iya yi tun wata na biyu, kuma abin da kowa ke yi ke nan, a buga ƙafa a ƙasa a wurga jiki, to wannan wurgin ne ya sa na yi sati uku ina jin kamar an soka mani wuƙa a haƙarƙari ta baya duk sanda na yi numfashi mai ƙarfi ko atishawa. Malamata, wadda muke haɗuwa ta bidiyo kol sau biyu a wata in netwok ya yarda, ta hana ni kifewa gaba ɗaya, ta mayar da ni kwance a ƙasa gindin ƙarfe ina ɗaga ƙugu, sannan in hau ta sama in riƙa saukowa a hankali a hankali ina ƙirgawa. Abin ban haushi, abin gajiya, ba abin da za ka nuna wa wani, amma shi ya gina cikin.

Mu da ƙanwata mun raɗa wa salon sunayenmu don na Turancin ba ya zama a baki. In kin kife kin maƙale da bayan gwiwar ƙafar waje kin saki hannu, jemage muke cewa. In da ƙafar ciki ce, kunama, dama Turawan ma sunan kunamar suke kiranta. Wanda ake riƙewa da hannu biyu ƙafa ɗaya a ƙarfe ɗaya ta miƙe baya, malam-buɗe-littafi. Akwai kuma wanda sunansa na asali Ayesha, ƙanwata ta ce wannan ba sai mun canza ba tamu ce, Indo muke ce mata.

To ga inda nake son masu koyo su buɗe kunne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan in aka ɗora ki a kai aka ce tsaya a ɗauki hoto, za ki iya da wuri. Wahalar tana tsakani, yadda za ki tashi daga jemage ki koma kunama ba ki sauko ƙasa ba, ba ki zame ba, ba ki yi ta fafutuka kamar kazar da aka riƙe wa ƙafa ba. A wannan tsakanin akwai wani ɗan lokaci, bai kai ƙiftawar ido biyu ba, da tsohon riƙo ya fara saki sabon bai gama kamawa ba, kuma duk faɗuwar da na taɓa yi ko na ga an yi a nan take faruwa. Daga jemage zuwa kunama misali, ƙafar da ke sake za ki zagayo da ita ta gaban fuska ta zo ta kama ƙarfen, gefen cikinki yana manne bai bar wurinsa ba, sai kin ji sabuwar ƙafar ta ciji ƙarfen da gaske sannan ki zare ta farkon. In kika yi gaggawar zarewa don ya yi kyau a ido, kai ne zai fara isa ƙasa. Dokar da aka kafa mani ita ce kullum in san wurare nawa ne jikina ke riƙe da ƙarfen, in ƙirga su da baki, kuma kada in saki ɗaya sai na san wanda ya gaje shi. Na yi wata biyu ina wannan sauyin da hannuwana duka biyu a riƙe, kusa da ƙasa yadda ko na zame kafaɗa ce za ta sauka a katifa, kafin na yarda na saki hannu ɗaya.

Kuma abin da bidiyo ba ya nunawa, su waɗanda kike gani suna yi kamar ruwa na gudu, ba sauri suke ba. A hankali ya fi wuya nesa. Duk wanda ya taɓa sauke buhun masara daga kai ya san jefar da shi ba komi ba ne, a sauke shi sannu har ƙasa ba a ji ƙara ba shi ne aiki. In na ɗauki kaina a waya, don ni kaɗai, ina gama kallo in goge, abin da nake dubawa ke nan, ina ne na yi sauri, don duk inda na yi sauri to a nan ne ba ni da ƙarfi ina ɓoyewa.

Indo kuwa ta ba ni wuya fiye da komi. Kina kife, fuska na kallon ƙarfe, hannu ɗaya a sama yana ja, ɗaya a ƙasa yana turawa, ƙafafu duka sun bar ƙarfen sun buɗe, ba abin da ke riƙe da ke sai tafin hannu biyu. Ba ƙarfin hannu kaɗai ba ne, ma'auni ne, sai ƙugu ya yi nisa da ƙarfen sannan nauyin ya daidaita, alhali tsoro yana ce maki matso kusa. Shekara ɗaya da rabi ina binta. Ta malam-buɗe-littafi na bi, ina zare ƙafar a hankali har ya zama ɗan yatsa ne kawai ke taɓawa, in mayar, in sake. Kuma kafin a bar ni in saki ƙafar gaba ɗaya sai da na koyi hanyar dawowa, yadda zan mayar da cinyoyi su kama in hannu ya gaji, don shiga salo ba ka san mafita ba kamar shiga rijiya ba igiya ne. Akwai wani riƙo da ake murɗa hannun sama, ya fi sauƙin samu shi ya sa masu koyo ke rububinsa, su buga ƙafa daga ƙasa su wurga jiki a kansa, to shi ne ke cin kafaɗa, don an murɗe gaɓar sannan an ɗora mata nauyin jiki duka da fizga. Yarinyar da na ce ba ta iya ɗauko tukunya, wannan ne ya same ta.

Ranar da na tsaya a Indo na ƙirga biyar cif, ba kowa a gidan, na sauko na zauna a katifa ina ta dariya ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Faɗuwa kam na faɗi, sau ɗaya mai muni. Ranar na gaji, na kwana ina makin jarrabawa, na ce bari in yi sau ɗaya na ƙarshe, kuma wannan sau ɗaya na ƙarshen shi ne mugu a wasan nan. Bayan gwiwa ya yi gumi, na zame daga jemage, Allah ya sa na naɗe haɓa zuwa ƙirji kamar yadda aka koya mani na sauka da kafaɗa a kan katifa. Da tayil ne da wani labarin ake yi. Tun ranar ba na gwada sabon abu in ba mutum a ɗakin, kuma ba na hawa in ban yi barci ba. Tabo kuwa ba a magana, shekarar farko cinyoyina da ƙwaurina duk shatar baƙi, har wata 'yar'uwa ta ja ni gefe a gidan biki ta ce in gaya mata gaskiya ko maigida ya fara duka, da ƙyar na fita.

Ƙarfen nawa ana iya kwance mashi ƙusoshi biyu a gindi ya koma mai juyawa, a gasar duniya ma biyu ake kafawa, ɗaya tsayayye ɗaya mai juyi. Wannan wata duniya ce daban, in kika matso da jiki kusa da ƙarfen sai gudun ya ƙaru kamar katantanwar yara, in kika miƙe hannu ko ƙafa waje sai ya lafa, don haka duk sauyin da kika iya a tsayayye sai kin sake koyonsa, ga jiri. Satin farko har amai na yi. Sai kuma hagu, duk abin da dama ta iya sai an koya wa hagu daga farko, ba na so amma in ba a yi ba jiki karkacewa yake, gefe ɗaya na baya ya fi ɗaya tauri.

Maganar sutura nasan ita ce a ran mutane da yawa. Ƙananan kayan da ake gani dalilinsu fata ce ke kama ƙarfe, atamfa ko wando na yau da kullum zamewa suke. Amma akwai ƙarfe mai rufin roba wanda dole ma sai da dogon wando da riga mai hannu ake hawansa don yana ƙona fata, akwai kuma wanduna masu danƙo da aka yi don wannan. Mai robar ba ya barin a sulalo ƙasa, wasu sauye-sauyen ba sa yiwuwa a kansa, amma ga wadda ba ta son buɗe jiki ko a gaban mata 'yan'uwanta hanya ce. Shekaru ma ba hujja ba ne, akwai wata Ba'amurkiya Greta Pontarelli da ta fara tana da shekara 59 kuma ta ci gasar duniya a rukunin manya.

Wadda na fi jin tsoro ita ce Hajiya, uwar maigida. Wata rana ta zo ba sanarwa ta ishe ɗakin a buɗe, ta tsaya tana kallon ƙarfen ta ce wannan kuma na mi ne, ko ginin ne zai faɗo kuka tokare. Na ce Hajiya na motsa jiki ne, ta ce to motsa in gani. Na hau na yi mata jemage da dogon wando, zuciyata na dukan uku-uku. Ta yi shiru can ta ce, mu da muka ja guga a rijiya mai gaba ashirin muka yi lugude muna jefa taɓarya sama muna tafi, ba mu buƙaci wannan ba, ku da inji ke maku niƙa famfo ke kawo maku ruwa ai dole ku nemi abin rataya. Ta ƙara da cewa kar dai in kuskura ɗiyata ta hau ba ni a wurin, kuma kar ta ji kar ta gani a waya. Na ce in sha Allahu. Ta kama damtsena ta matsa ta ce aƙalla yanzu kin yi hannun mata.

Abin da nake roƙo Malam Edita guda biyu ne kuma ba masu tsada ba. Shafinku na wasanni daga Arsenal sai Katsina United, dan Allah ko sau ɗaya a wata ku samo likitan ƙashi ko mai gashin jiki na asibiti ya yi wa mata bayanin kafaɗa da baya da yadda ake ɗumama jiki, da Hausa, ko ba a ambaci ƙarfe ba zai yi amfani. Na biyu masu gidajen jim na garin nan, ku ware wuri na mata zalla mai ƙofa a rufe, malama mace, a karɓe waya a bakin ƙofa, ku sa katifa mai kauri, za ku sha mamakin yawan waɗanda za su zo, don ni kaɗai mata shida sun tambaye ni a ɓoye, kuma ban yarda na koya wa kowa ba saboda ni ma ɗaliba ce, in wata ta faɗo a ɗakina ban san mi zan gaya wa mijinta ba.

Yanzu abin da nake fama da shi shi ne ɗaga jiki ta kafaɗa, a jingina ƙarfen a tsokar da ke gefen wuya a riƙe ta sama da kai a ɗaga ƙafafu ba tsalle, daga nan in wuce zuwa Indo ba tare da na sauko ba. Dama ta fara yarda, hagu ko gezau, na ba ta zuwa bayan babbar sallah.

Na gode, a gaida ma'aikata. Sunana dai ku bar shi a wurinku.

Mai karanta ku kullum,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.